Gawo da Dokar Sarki Tanimun: Gani ne Gaba, ko Hankali?

 

Yau hirarmu a kan wani itace ne da ka sani tun kana yaro. Watakila ma yana nan tsaye a tsakiyar gonarka. Gawo ke nan. Amma kafin mu tafi gona, bari mu tsaya a kan karin magana guda biyu. Hausawa suka ce, "Gani ya kori ji." Su dai Hausawan kuma suka ce, "Hankali ke gani, ido gululu ne." To, wacce za mu kama? Ta farko tana nufin abin da idonka ya gani, hannunka ya taɓa, shi ne sani na gaskiya. Ta biyu tana nufin ido shi kaɗai bai isa ba, sai mutum ya zauna ya yi tunani.

Kada ka ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Ta shafi tuwon gidanka. A nan ƙasar Damagaram an yi shekara sama da 100 ana wannan gardama a kan gawo, kuma gonakinmu ne suka ji a jikinsu.

Hanyoyi biyu na sani

Ka duba yadda ka san abubuwan da ka sani. In hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi ta taso, ka san ruwa yana tafe. Uwargida ta san tuwo ya nuna tun ba ta ɗanɗana ba. Mai ginar rijiya yana duban launin ƙasar da ya fid da, ya ce ruwa ya kusa. Babu wanda ya koyi waɗannan a allo. An gani yau, an gani gobe, har abin ya zauna a zuciya. Wannan shi ne ilimin gani da gwaji.

Akwai kuma wani. In ka zuba dami 40 a rumbu, ka fid da 15, ka san saura 25 ko ba ka leƙa ba. In aka ce maka wane ya girmi uban da ya haife shi, ba sai ka je garinsu ba kafin ka ce ƙarya ne. Wannan shi ne ilimin hankali. A zaune ake samunsa, ta hanyar tunani da lissafi.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan rabo. Akwai Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Shi ne mai littafin tauhidin nan Ummul Barahina da ake karantawa a ƙasar Hausa da Barno. A cikin littattafansa ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Hukuncin al'ada shi ne wanda aka sani saboda maimaituwa, kamar wuta tana ƙuna, abinci yana ƙosarwa. Ana sa ran faruwarsa kullum, amma yana iya saɓawa. Hukuncin hankali kuwa ba ya jiran maimaituwa, kamar a ce ɗaya rabin biyu ne.

A ƙasashen Turai ma masu ilimin falsafa, wato masu zurfafa tunani a kan asalin abubuwa, sun yi wannan gardama. Wani Bafaranshe mai suna Dekart, wanda ya rasu a 1650, ya ce ido yana ruɗin mutum, don haka a kan hankali za a kafa sani. Kai ma ka san kawalwalniya: ka hango ruwa a fili da rana tsaka, ka isa ka tarar da rairayi. Wani Ba'ingile mai suna Jon Lok, wanda ya rasu a 1704, ya ce a'a. A ganinsa zuciyar jariri kamar allo ce da ba a yi rubutu a kansa ba, gani da ji da taɓawa su ne ke yin rubutun. Daga baya wani Bajamushe mai suna Kant ya fid da littafi a 1781, inda ya nuna sani yana farawa da gani, amma hankali ne ke tsara abin da aka gani.

Wannan ke nan a takarda. Yanzu bari mu ga yadda abin ya kasance a gona.

Damagaram a zamanin Tanimun

Masarautar Damagaram ta faro ne daga wani malami da ya fito daga wajen Barno, kuma sarakunanta sun daɗe suna kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. A farkon shekarun 1800 Sarki Sulaiman ya mai da gidan sarauta Zinder. Ɗansa Tanimun shi ne ya ɗaukaka ƙasar. Sau biyu ya hau gadon sarauta, hawansa na biyu ya daɗe har rasuwarsa a 1884.

Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri. Ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna ƙera igwa a cikin gari, ana haɗa albarushi. Ayarin raƙuma suna tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Agadas, su sauka a Zango. Suna kawo tufafi da takarda da makamai, su koma da fatu da gashin jimina, da bayi kuma, domin zamanin na yaƙi ne da kamun mutane. Sarki ne mai ƙarfi, mai tsanani.

Cikin dokokin da ake ba da labarinsu daga zamaninsa akwai ta gawo. An ruwaito cewa ya sa an yi shela: wanda ya sare gawo za a sare kansa, wanda ya illata shi ba dalili za a yanke hannunsa. Hukunci ne mai ban tsoro, ba kuwa tsananinsa muke yabo ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa sarkin da ke da ganuwa da igwa ya damu da itace mai ƙaya?

Amsar tana cikin rumbu. Birni mai mayaƙa da dawaki da fatake sai da hatsi. Hatsi kuwa daga gonakin jigawa yake fitowa, ƙasa mai rairayi wadda take saurin gajiya. Manoman lokacin sun san abin da ke riƙe da wannan ƙasa.

Abin da manomi ya gani

Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. In damina ta faɗi, kowane itace yana yin kore, shi kuwa sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara kamar matacce. In rani ya shigo, daji ya bushe, sai ya yi ganye shar, ya yi fure, ya yi 'ya'ya.

Kakanninmu sun lura da abin da wannan hali yake jawowa. Da damina ba ya hana hatsi rana. Hatsin da ke gindinsa ya fi tsawo, ya fi duhun ganye, zangarniyarsa ta fi cika. Da rani awaki da tumaki da shanu suna taruwa a inuwarsa, suna cin 'ya'yansa a lokacin da babu ciyawa, suna barin taki a wurin. Ƙwayar da ta bi ta cikin dabba kuma ta fi saurin tsirowa. Gonar da ke da gawo da yawa ana noma ta shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba.

In da ka tambayi manomin zamanin Tanimun dalilin wannan, ba zai iya ba ka labarin abin da ke faruwa a cikin saiwa ba. Zai ce maka ubansa ya gani, shi ma ya gani. Hukuncin al'ada ke nan, irin wanda Shehu Sanusi ya faɗa. Bai san dalili ba, amma abin da ya sani gaskiya ne, a kansa kuma dokar sarki ta tsaya.

Zuwan Nasara da sabon lissafi

A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, a Tirmini, suka shiga Zinder. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Nasara suka ɗora haraji na kuɗi. Don a sami kuɗin sai aka dinga matsa wa mutane su noma gyaɗa, musamman a ƙasashen Magarya da Matamai. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gyaɗa ta ci gaba da zama babbar hajar ƙasa, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta.

Tare da gyaɗa aka zo da wani tunani daga makarantun noma na Turai. Ga yadda lissafin yake. Itace yana shan ruwa, shuka ma tana shan ruwa. Itace yana yin inuwa, shuka kuwa tana son rana. Kututture yana tare garmar shanu. Saboda haka gonar kirki ita ce wadda aka share fes, babu itace babu kututture. Aka yi shekaru ana koya wa manoma haka, ana yaba wa mai share gona cewa shi ne manomin zamani.

Ka ga lissafin a tsare yake, kowace magana tana bin 'yar'uwarta. Inda aka yi tuntuɓe shi ne tun a tushe. An ɗauka duk itatuwa halinsu ɗaya ne, kamar na Turai masu ganye a lokacin noma. An ɗauka ƙasarmu kamar tasu ce, mai nauyi, wadda iska ba ta kwashewa. In mai gini ya kafa tubalin farko a karkace, ko ya iya jeri, bango karkacewa zai yi.

Akwai lissafi na biyu. A ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Dokar ta sa daji a hannun hukuma, ta ware wasu itatuwa da ba a sara sai da izini. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka kare. Niyyar mai kyau ce: in aka sa tara, mutane za su bar itace ya rayu.

Za ka ce, ai Tanimun ma hani ya yi. Gaskiya ne. Amma duba abin da sabuwar dokar ta zame wa mai gona. Itacen da ya tsiro a gonarsa ba nasa ba ne. In yana son reshe don yin rumbu ko shinge, sai ya je ofis neman takarda. In wani ya sare da dare, shi mai gonar ne ke cikin fargabar tara. Sai manomi ya yi nasa lissafin: tun da babban itace rigima yake jawowa, gara a cire shi tun yana ƙarami, lokacin sassabe, babu mai gani. Dokar da aka yi don itace ya yawaita, sai ta taimaka wajen rage shi. Masu dokar sun yi tunani a kan itace, ba su zauna da mai gona sun ji yadda zai ɗauki abin ba.

Shekarun fari

Mutane suka ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Sai ga farin 1973 da 1974, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. A 1975 ciwo ya faɗa wa gyaɗa, wanda darɓa ke yaɗawa, noman gyaɗa ya durƙushe. Bayan shekara goma kuma aka sake shiga yunwar 1984 da 1985, wadda a wurare da yawa ake kira El Buhari, domin a lokacin Najeriya ta rufe iyaka.

Tsofaffin garinku za su ba ka labarin gonakin lokacin. Fili fetal, kana hango ƙauye daga nesa babu abin da ya tare ido. In an yi shuka, iska ta taso da rairayi ta yanke tsiron ko ta binne shi. Mutum ya yi shuka sau uku, sau huɗu, kafin ta kama. Mata suna yin doguwar tafiya neman itacen girki, wasu suna dafa tuwo da kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya zauna a gona.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Aka raini itatuwa a leda, aka dasa da yawa. Wasu sun rayu, musamman a cikin gari da inda ake ba su ruwa. Amma a daji mafi yawa sun mutu, saboda rani da awaki da gara, da kuma rashin mai su.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A ƙasar Maraɗi akwai wani ma'aikacin noma mutumin Ostireliya, sunansa Toni Rinaudo. Shi ma dashe ya zo yi, yana dasawa suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya wuce rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya matsa ya dubi ganyen, ya gane ashe itace ne da aka sare, kututturen yana toho. Saiwarsa tana nan da rai a ƙasa, mai zurfi, ta riga ta kai ga danshi. Ya ɗaga kai ya ga irinsu birjik a gonaki.

Manoma sun fi shi sanin waɗannan kututture, domin kowace shekara su ke sare tohon lokacin sassabe. Abin da ya ƙara shi ne tunani a kan abin da kowa yake gani. In aka zaɓi toho ɗaya ko kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka yanke sauran, aka yi musu aski, saiwar za ta tura duk ƙarfinta gare su, su zama itace da sauri, ba leda ba ban ruwa. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Da farko an yi wa masu yinsa dariya, ana cewa ragwaye ne masu ƙazamar gona. Da maƙwabta suka ga sandunan gini da itacen wuta da hatsin da suke samu, dariya ta ƙare.

A ƙasar Damagaram kuwa, musamman Magarya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka koma ga abin da kakanninsu suka sani. Wuya ta koya musu. Ba su da wurin sabon gona, ba su da kuɗin takin zamani. Sai suka dinga barin 'ya'yan gawo da suka tsiro, suna kewaye su da hauya, suna yi musu aski. Hukuma ma ta sassauta a hankali. An yi dokar karkara a 1993, da sabuwar dokar daji a 2004, kuma a 2020 aka sa hannu a kan dokar da ta tabbatar wa manomi itacen da ya raina a gonarsa.

Masana sun auna

Abin mamaki, an daɗe ana wannan aiki manyan ofisoshi ba su sani ba. Lissafinsu yana cewa inda mutane suka yawaita dole itace ya ƙare. Sai wajen 2004 zuwa 2006 wasu masu bincike, cikinsu har da ɗan Nijar Mahaman Larwanu, da Kiris Reij na Holan, da Gire Tappan na Amurka, suka zagaya ƙauyuka. Suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975, suka gwada su da na tauraron ɗan'adam na 2005. Suka tarar da itatuwa sun ninka a gonaki. Suka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itace wajen miliyan 200. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, 100 a faɗi. A Magarya da Matamai da Mirya kaɗai an sami wajen hekta miliyan 1, mafi yawa gawo. Kuma inda mutane suka fi cunkoso, nan itace ya fi yawa.

A nan gani ya kori ji. Amma kada mu yi saurin raina masu bincike, domin su ne suka buɗe mana dalilin abin da kakanni suka gani. Tun 1965 wasu masana biyu a tashar binciken noma ta Bambai, a ƙasar Sanagal, suka auna hatsin gindin gawo da na fili. Na gindin ya fi ninki biyu. Bincike ya nuna a jikin saiwar gawo akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke jawo wani sinadari daga iska, wanda ake kira azot ko naitirojin, su mai da shi abincin itace. Shi ne dai sinadarin da kake saye a buhun farin takin zamani. Ganyen da gawo ke zubarwa a farkon damina cike yake da shi, yana kuma faɗuwa daidai lokacin da shuka ke bukata. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta kai ga ruwa, shi ya sa yake kore da rani.

A tashar bincike ta Sadore, kusa da Yamai, masana sun yi wata tambaya da ido ba zai yi ba. Shin gawo ne ke gyara ƙasa, ko kuwa dama a ƙasa mai kyau yake tsirowa? Ka ga duk biyun za su ba da hatsi mai kyau a gindinsa, mai kallo ba zai bambanta ba. Da suka gwada, sai suka ga ƙaramin gawo ya fi saurin girma a inda ƙasa take da ƙarfi tun farko, daga baya kuma shi ya ƙara mata. Sun kuma gano 'yar inuwar rassansa tana rage zafin ƙasa, tsiron hatsi ba ya ƙonewa. Irin wannan tambaya aikin hankali ce.

Inda ido ya kasa

Akwai kuma wurin da gani shi kaɗai ya bar mu cikin wahala. Ka tuna kurkunu. Shekaru aru-aru yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa mai ita yana kwance. Kowa ya ga tsutsar tana fita daga ƙafa, amma ba a san ta ina ta shiga ba. Dalili shi ne, daga ranar da mutum ya sha ruwan zuwa ranar da tsutsar za ta fito, wajen shekara guda ne. Wa zai tuna ruwan tafkin da ya sha bara?

Wajen 1870 wani masani ɗan Rasha mai suna Fedcenko ya duba ruwa da madubin ƙara girman abu. Ya gano 'ya'yan tsutsar suna shiga cikin wani ɗan ƙwaro na ruwa, mutum ya haɗiye shi. Daga nan hankali ya yi sauran aikin: in aka tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai kurkunu shiga tafki, ciwon zai rasa hanya. Da aka yi ƙidaya a Nijar a 1991 an sami masu kurkunu sama da 30,000, jihar Damagaram ce kuma ta fi kowace yawa. Aka raba matatai, aka gina rijiyoyi, aka bi ƙauye ƙauye ana bayani. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu.

Wanda ya ce a lokacin, "Kakana ya sha wannan tafki, ni ma zan sha," gani ya bi, amma ya cutu. Wanda ya ce, "Littafi ya ce a share gona," hankali ya bi, shi ma ya cutu. Kowannensu ya riƙe hannu ɗaya ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Kai fa, mai karatu?

Yanzu ka iya karatu da rubutu da lissafi. Wannan ya ba ka abin da manomin zamanin Tanimun bai samu ba. Shi abin da ya gani a kansa yake ajiyewa, in ya mutu wani ya tafi da shi, wani ya saura. Kai kana iya rubutawa, ka ƙidaya, ka gwada bana da bara.

Ga wani aiki da za ka iya yi a daminar da ke tafe. Ka auna wuri a gindin gawo, taki goma a tsawo, goma a faɗi, ka kafa turaku. Ka auna wani daidai da shi a fili, nesa da itace, a cikin gona ɗaya. Ka shuka iri ɗaya, rana ɗaya, ka yi musu noma ɗaya, kada ka zuba wa ɗaya taki ka bar ɗaya. In ka bambanta su a iri ko a rana, ba za ka san abin da ya kawo bambancin amfani ba. Da kaka ka yanke kowanne dabam, ka sussuka, ka auna da tiya, ka rubuta a littafinka. Ka rubuta ranar shuka da yawan ruwan da aka yi. Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba, sai ka maimaita shekara uku. Ku kawo littattafanku ajin yaƙi da jahilci, kowa ya karanta nasa, ku gwada.

Haka za ka yi da kowace sabuwar shawara, ko ta iri ce, ko ta taki, ko ta magani. In malamin gona ya zo da magana, ka saurare shi da kyau, ka tambaye shi dalili, ka kuma tambaye shi a wace irin ƙasa aka gwada. Sa'an nan ka gwada a ɗan gefen gona kafin ka ba ta gonar duka. In tsoho ya gaya maka abin da ya gani, kada ka ce zancen da ne. Ka rubuta shi da sunan wurin da shekarar, ka tambayi kanka ko akwai wani dalili da ya ɓoye. In kuwa abin da ka auna ya saɓa wa abin da aka faɗa maka, ka faɗa a fili, da littafinka a hannu.

Uwargida, ke ma wannan aiki naki ne. Ke kika fi kowa sanin nisan itacen wuta da, da nisansa yanzu, da itacen da ganyensa ke shiga miya, da wanda awaki suka fi so. Ki rubuta.

In ka fita sassabe bana, ka ga ɗan gawo ya tsiro, ka tuna ya ga zamanin Tanimun, ya ga na Nasara, ya ga shekarun fari, yana nan dai yana jiran wanda zai kewaye shi da hauya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana sani mai amfani. Amin.